Wa ke da ikon cewa «daidai ne»? Harshe da tattaunawa a darasin lissafi na makarantun firamare a Nijar

1. Gabatarwa

Wannan takarda ba ta masana lissafi ba ce. Mu masu nazarin harshe ne, kuma abin da ya kai mu ga darasin lissafi shi ne magana: wa ke yin ta a cikin aji, da wane harshe, kuma wa ke rufe ta. An daɗe ana nanata wa malamai, a makarantun horo da kuma wajen tarurrukan ƙara wa juna sani, abin da ake kira da Faransanci pédagogie centrée sur l'apprenant. A nan za mu kira ta «koyarwa mai ba ɗalibi baki», domin in aka ce mutum yana da baki a cikin wani al'amari, ana nufin ana jin tasa kafin a yanke hukunci. (Mun guje wa fassarar «sa ɗalibi gaba», saboda a Hausa wanda aka sa gaba ba ya cikin jin daɗi.)

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba a ba ɗalibi baki ta hanyar sake jera tebura ko raba yara rukuni-rukuni kawai. Abubuwa biyu ne ke sa tattaunawa ta yiwu ko ta gagara: harshen da yaro ke iya kafa hujja da shi, da kuma abin da malam ke faɗa bayan yaro ya ba da amsa.

Batun harshe ba sabo ba ne a ƙasar nan. Abdou Moumouni ya tayar da shi a littafinsa L'Éducation en Afrique tun 1964. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara karatu da Hausa, daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Barbarci. Dokar tsarin ilmi ta 1998 ta tanadi cewa a matakin farko na firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci kuwa darasi ne. A 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk da haka, a tsawon waɗannan shekaru mafi yawan yaranmu da Faransanci suka koyi lissafi tun daga ajin CI. Awon da shirin PASEC ya yi a 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. Dalilan wannan suna da yawa, kuma ba mu ce harshe kaɗai ne ba. Amma shi ne ɓangaren da sashenmu ke da abin faɗa a kansa.

2. Ginin zance a cikin aji

A 1975 Sinclair da Coulthard, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, suka bayyana cewa zancen aji yana tafiya ne ɗauki uku-uku: malam ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malam ya yi hukunci a kan amsar. Mehan ya sami irin wannan tsari a Amurka a 1979. Duk wanda ya zauna a lakwal a ƙasar nan ya san shi ba tare da an gaya masa ba:

(1) M: Quatre fois cinq ?
Ɗ: Vingt.
M: Très bien. Répétez.
Aji: Vingt !

Abin lura a nan shi ne ɗauki na uku. A zancen yau da kullum, in mutum ya tambayi wani ƙarfe nawa, aka gaya masa, godiya yake yi, ba ya cewa «da kyau, ka yi daidai». Malam yana tambayar abin da ya riga ya sani, yaro ma ya san malam ya sani. Saboda haka aikin yaro ya koma neman abin da ke cikin kan malam, ba neman abin da ke cikin lissafin ba. Kuma da zarar an ce «très bien», magana ta mutu. Yaro na biyu da ya sami wata amsa, ko ya sami wannan amsar ta wata hanya, ba shi da sauran dalilin buɗe baki.

Guy Brousseau ya ba wannan yarjejeniya da ba a rubuta ba suna contrat didactique. Shahararren misalinta shi ne gwajin da wata ƙungiyar malaman lissafi ta yi a Grenoble wajen 1980. An gaya wa yara ƴan CE1 da CE2 cewa wani jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, aka tambaye su shekarun matuƙin jirgin. Daga cikin yara 97, 76 sun ba da amsa ta hanyar sarrafa lambobin nan biyu, yawancinsu ta tarawa. Waɗannan yara Faransawa ne, ana yi musu magana da harshen uwarsu. Ba wawaye ba ne. Sun dai koyi cewa a aji ko wace tambaya tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da aka bayar. Wannan ya isa ya nuna cewa sauya harshe kaɗai ba ya warkar da ciwon. Amma idan yarjejeniyar tana da irin wannan ƙarfi a kan wanda ke jin harshen, to ina ga wanda bai ji komai a cikin tambayar ba sai lambobin?

A ajinmu akwai wasu dabaru biyu da ke ɓoye rashin fahimta. Ta farko ita ce tambayar «C'est compris ?», wadda ba ta da amsa sai «Oui» ta baki ɗaya. Ta biyu ita ce jimlar da malam ke farawa, ya ɗaga murya a gaɓar ƙarshe, yara su cike:

(2) M: Vingt, j'écris zé...
Aji: ...ro !

Brousseau ya kira irin wannan effet Topaze, da sunan malamin nan na wasan kwaikwayon Marcel Pagnol wanda ke yi wa yaro shifta yana furta harafin da ba a furtawa don kada yaron ya yi kuskure. Bai kamata mu yi wa malamai dariya a kan haka ba. Mutumin da aka ba yara 70 ko 80, aka ce ya koya musu ninkawa da harshen da ba sa ji, dole ya nemi hanyar da darasi zai kai ƙarshe ba tare da kowa ya ji kunya ba. Amsar baki ɗaya tana rufa wa malam asiri, tana rufa wa yara.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda akan kawo a matsayin hujjar cewa tattaunawa ba ta dace da mu ba. Gaskiya ne ba a koya wa yaro ya yi gardama da babba, kuma yaron da ya sunkuyar da kai ya yi shiru a gaban malam ladabi ya nuna. Sai dai wannan rabin labarin ne. Tsakanin tsara da tsara gardama ba ta da shamaki: a wajen dara, a wajen langa, a wajen rabon abin da aka samo, yara suna kafa hujja suna rushe ta, kuma ba sa yarda da «haka nan ne» kawai. Abin da ake bukata a aji shi ne a juya gardamar ta bar fuskantar malam, ta koma tsakanin yaran. Za mu dawo kan wannan.

3. Abin da yaro ke shigowa da shi

Yaron da ke zuwa CI bai zo hannu sake ba. Yana da ƙidaya, kuma ƙidayar Hausa tana da gini wanda malam zai iya dogara a kai.

Daga 11 zuwa 19 ginin a bayyane yake: goma sha ɗaya, goma sha biyu, har goma sha tara. Faransanci kuwa yana da onze, douze, treize, quatorze, quinze, seize, waɗanda ba a jin goma a cikinsu, ga kuma soixante-dix da quatre-vingt-dix-sept, waɗanda ke sa yaro ya rubuta 6010 ko abin da ya fi haka tsawo. Inda Hausa ta yi duhu shi ne ashirin, talatin, arba'in, har casa'in (a wasu wurare tis'in), domin aro ne daga Larabci. Amma tsohuwar hanyar ba ta ɓace ba: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya tara. Wanda ya ce «gomiya uku da biyar» ya faɗi ma'anar alƙaluman 35 da bakinsa. A ganinmu wannan kalma ta gomiya ta fi duk wata sabuwar ƙirƙira dacewa da dizaine.

Sai ƙidayar ragi:

(3) ashirin babu ɗaya = 19
ashirin babu biyu = 18
ɗari gaira biyar = 95

A nan an ambaci lamba ta hanyar wadda ke gabanta. Wannan dabara ce ta lissafin ka wadda littattafan makaranta ke koyarwa a matsayin sabon abu, alhali tana cikin harshen. Akwai kuma ninkin kalma mai nuna rabo, kamar biyu-biyu, goma-goma, dala ashirin-ashirin, wanda shi ne tushen ninkawa da rabawa, kuma Faransanci ba shi da takwaransa a kalma guda.

Abu mafi nauyi shi ne kuɗi. A kasuwa da dala ake ƙirgawa, dala kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce 100 F, dala hamsin 250 F, dala ɗari 500 F, jika kuwa 1000 F. Ba mu kaɗai ba ne a wannan: Bambara suna da dɔrɔmɛ, Wolof suna da dërëm, duka sefa 5. Abin nufi, yarinyar da ke talla tana ninkawa da 5 tana rabawa da 5 sau da yawa a yini, tana ganin 100 a jikin kuɗi tana cewa ashirin. Idan ta zo aji aka ce mata «cent francs», malam yana nufin abu guda, ita kuma in ta fassara cent da «ɗari» ta tafi ga 500 F. Wannan tarko ne, amma kuma dukiya ce, gwargwadon ko an bar ta ta yi magana ko ba a bar ta ba.

An auna irin wannan giɓi a wata ƙasa. A 1985 Carraher, Carraher da Schliemann suka buga bincikensu a kan yara biyar masu sayar da kaya a titunan Recife ta Burazil. A wajen ciniki yaran sun yi daidai a kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin da aka yi musu. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, babu labari babu kaya, sai abin ya sauko kusan kashi 37. Yara biyar ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa sayen goro ko ƙosai a hannun yaro ya ga abin da ake nufi.

4. Misalin tattaunawa

Misalin da ke biye mun tsara shi ne don bayani, daga irin amsoshin da akan samu. Ba kwafin ɗaukar murya ba ne. Aji ne na CE2 inda aka yarda a yi magana da Hausa. Tambayar ita ce: kaye guda 95 F, nawa ne kuɗin kaye 4? Ko wane yaro ya yi aiki shi kaɗai a ƙaramin allonsa, malam ya zaga ya duba, sa'an nan ya rubuta amsa uku a babban allo: 380, 76, 3620.

(4) M: Ga amsa uku. Ban ce komai a kansu ba tukuna. Wadda ta rubuta 76, gaya mana yadda kika yi.
Ɗ1: Mushe, kaye guda ai dala ashirin ne babu ɗaya. Da a ce ashirin-ashirin ne, huɗu tamanin ke nan. To ko wane an rage dala, sai na cire huɗu. Saura saba'in da shida.
M: (ya yi shiru) Wa ke da magana a kan wannan?
Ɗ2: Mushe, 76 ko kuɗin kaye guda bai kai ba. Guda 95 ne fa.
M: Ba ni za ka gaya wa ba. Ga ta nan.
Ɗ2: Ke, yaya huɗu za su kasa guda?
Ɗ1: Ni da dala na ƙirga. Kai kuwa da sefa.
Ɗ2: To dala saba'in da shida nawa ne?
Ɗ3: Dala ashirin 100 ne. Tamanin 400 ke nan. Dala huɗu kuma 20. In an cire, 380. Ashe duk ɗaya ne!
M: Ka yarda da abin da ya faɗa?
Ɗ2: Na yarda. Amma dai ta rubuta «dala» a gefe.

A lura da cewa har zuwa nan malam bai ce «daidai ne» ba, amma ajin ya san 380 da 76 sun tsaya, kuma ya san dalili. Ɗ2 ma, wanda ya fara da ƙin yarda, ya ƙare da gyara na gaskiya: lamba ba tare da sunan abin da aka ƙirga ba ba ta cika amsa ba. Da malam ya bi hanyar (1), da 76 ta sha jan biro, da yarinyar ta koyi cewa lissafin da take yi a kasuwa ba shi da wuri a makaranta.

Sauran amsa ta uku. Rushe ta ba wuya: 3620 F ya fi jika uku da rabi, alhali an riga an ga ko da dala ashirin-ashirin ne kuɗin bai kai dala ɗari ba. Amma in aka tsaya nan, wanda ya rubuta ta ya sha kunya ne kawai bai ƙaru ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce:

(5) M: A cikin 3620 akwai abin da ke gaskiya. Ina 20 ta fito? Ina 36 ta fito?
Ɗ4: Biyar sau huɗu ashirin. Tara sau huɗu talatin da shida.
M: Taran nan, tara ce ta me?
Ɗ4: ... Gomiya tara.
M: To talatin da shidan fa?
Ɗ4: Gomiya talatin da shida.

Gomiya 36 ita ce 360, a ƙara 20, an dawo 380. Yaron bai yi kuskure a teburin ninkawa ba. Ya jera sakamako biyu ne gefe da gefe maimakon ya tara su, saboda bai ji 9 a matsayin gomiya ba. Kuskure irin wannan ba a gyara shi da maimaita ƙa'idar «je retiens deux».

Ga mai nazarin harshe, abin sha'awa a (4) shi ne ƙananan kalmomin da ke ɗauke da hujjar. Masu nahawu sukan lissafa fa, dai, kam, kuwa, kuma, ma a matsayin rukuni guda, mu kuma a nan mu ƙara ai da ashe. Da ai Ɗ1 ta kafa abin da take ganin kowa ya sani. Da fa Ɗ2 ya tunatar da abin da aka manta. Kuwa ta raba matsayi biyu. Ashe ta nuna daidai lokacin da fahimta ta sauya. Amma dai ta ba da damar yarda tare da sharaɗi. Haka kuma «da a ce... to...» ita ce ginin zato wanda duk lissafi ya dogara a kai. Yaro ɗan shekara 9 yana sarrafa waɗannan duka a Hausa ba tare da tunani ba. Takwarorinsu na Faransanci, irin su or, pourtant, en revanche, à supposer que, ba ya mallakarsu sai bayan shekaru, in ma ya mallake su. Kalmomin fanni kamar produit ko retenue ana iya haddace su a mako guda. Kalmomin hujja ne ba sa haddatuwa, kuma in babu su babu tattaunawa, sai dai amsa mai kalma ɗaya.

5. Aikin malam

Kada a ɗauka cewa a (4) malam ya huta. Aikinsa ya fi na (1) nauyi, kuma yawancinsa an yi shi kafin a fara magana.

Stein da abokan aikinta, a 2008, sun tsara wannan aiki mataki biyar, wanda Smith da Stein suka faɗaɗa a littafi a 2011: malam ya hango hanyoyin da yara za su bi, ya lura da su suna aiki, ya zaɓi waɗanda za su yi magana, ya jera su, sa'an nan ya haɗa hanyoyin da juna. Malamin misalinmu ya san tun a gida cewa 95 za ta jawo «ashirin babu ɗaya». Shi ya sa ya zaɓe ta, bai zaɓi 70 ko 82 ba. Ya fara da 76 domin ita ce za ta ta da gardama, ya ajiye 3620 sai da ajin ya sami ma'aunin da zai auna ta. Kuma bai kira wanda ya fara ɗaga hannu ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga ƴan mata, waɗanda a wasu azuzuwa ba sa rige-rigen ɗaga hannu ko da sun sani.

Ga aji mai cunkoso, kayan aikin yana hannu tun da daɗewa. Hanyar da ake kira procédé La Martinière, wadda ta samo suna daga wata makaranta ta birnin Lyon, kowa ya san ta: malam ya buga, yara su rubuta, ya sake bugawa, su ɗaga alluna. An saba amfani da ita don a ga wa ya yi daidai, a ce a goge. Amma a wannan ɗan lokaci malam yana ganin tunanin yara 80 gaba ɗaya. Maimakon «effacez», yana iya karɓar alluna uku masu amsa dabam-dabam ya jingina su a gaba. Ba a bukatar sabon littafi ko sabon gini kafin a yi haka.

Sai shiru. Mary Budd Rowe, a binciken da ta yi a Amurka a farkon shekarun 1970, ta gano malamai suna jira kimanin daƙiƙa 1 bayan tambaya kafin su maimaita ta, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka horar da su su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru, yara suka fara amsa wa juna. Ta kuma nuna cewa jira iri biyu ne: bayan tambaya, da kuma bayan yaro ya gama magana. Na biyun shi ne gurbin ɗauki na uku. Yaron da ke jin tambaya da Faransanci, ya yi lissafi da dala, ya mai da amsa sefa, ya nemi kalmar Faransanci, babu shakka daƙiƙa 1 ba ta ishe shi ba.

Abin da malam ke sawa a wannan gurbi ba shi da yawa: «Yaya ka yi?», «Wa zai sake faɗa mana da bakinsa?», «Ka yarda da ita?», «Ba ni za ka gaya wa ba». Jimlar ƙarshen nan ce ke warware batun ladabi da muka tayar a sama. Yaro bai musanta wa babba ba, ya musanta wa tsaransa ne da izinin babba.

Amma tattaunawa ba ta ƙarewa a kan «kowa da hanyarsa». Nan ne wasu masu yaɗa wannan koyarwa suke kuskure, su mai da ita kamar an ba ɗalibi wuƙa da nama. Brousseau da kansa ya ƙara matakin da ya kira institutionnalisation, wato lokacin da malam zai tashi ya ce ga abin da muka samu, ga yadda ake rubuta shi, ga sunansa. A misalinmu zai rubuta:

(6) 19 × 4 = (20 − 1) × 4 = 80 − 4 = 76 (dala)
95 × 4 = (100 − 5) × 4 = 400 − 20 = 380 (F)
95 × 4 = (90 + 5) × 4 = 360 + 20 = 380 (F)

A nan ne kuma Faransanci ke shigowa da sauƙi, domin yanzu suna ne ake raɗa wa abin da aka riga aka gane. Malam ya faɗi «daidai ne» a ƙarshe. Bambancin shi ne ya faɗe ta bayan hujja, kuma ajin yana iya gaya masa dalili.

Za a ce lokaci bai isa ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Tambaya guda ta cinye abin da a da ake yin goma, ga manhaja, ga mai duba makarantu yana tafe. Ba mu ce ko wane darasi ya zama haka ba. Teburin ninkawa sai an haddace shi, kuma amsar baki ɗaya tana da amfaninta a wajen. Abin da muke cewa shi ne a wuraren da ma'ana ke sauyawa, kamar shigar gomiya, shigar ninkawa, shigar rabawa mai saura, gaggawa ba ta rage lokaci, domin kuskure irin 3620 yana bin yaro har CM2.

6. Kalmomi uku masu bukatar lura

Koyarwa da Hausa ba ta nufin an rabu da matsalar harshe. Hausar gida da Hausar lissafi ba ɗaya ba ce, kuma akwai kalmomin da ke yaudara saboda an saba da su.

Sau. A Hausa «biyar sau huɗu» biyar ce aka maimaita har huɗu. Faransanci yana faɗin wannan da «quatre fois cinq». Jerin ya juye. Yaron da ya karanta 4 × 95 daga hagu zuwa dama da Hausa zai ce «huɗu sau casa'in da biyar», wanda hotonsa ba kaye huɗu ba ne. Sakamakon ɗaya ne, amma dalilin da ya sa ya zama ɗaya abin tattaunawa ne na darasi guda cur, da tsakuwa a jere layi-layi, ba abin da za a wuce a kansa ba.

Raba. Ba ta ɗauke da ma'anar daidaito. Ana raba gado, ana raba naman layya, kuma ba lalle kowa ya sami kamar na wani ba. Rabi ma a bakin mutane yana iya zama babba ko ƙarami. Division kuwa rabo ne na daidai wa daida, don haka sai an faɗi sharaɗin a fili. Ga kashe-kashe, harshen yana da sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushiri, waɗanda malaman rabon gado suka riƙe, ko da yake yara ƙanana ba su cika sanin su ba.

Daidai. Wannan ta fi sauran wuya, domin tana ɗaukar aiki biyu: égal da juste. «Dala ashirin daidai take da 100 F» dangantaka ce tsakanin abubuwa biyu. «Daidai ne» hukunci ne a kan amsa. Idan aka karanta alamar = da «daidai», akwai haɗarin yaro ya ji ta a matsayin «ga amsar da malam ke so». An san wannan kuskure ko a inda babu wannan haɗuwar ma'ana: Falkner, Levi da Carpenter sun ba da rahoto a 1999 cewa yaran firamare a Amurka, da aka ba su 8 + 4 = □ + 5, mafi yawansu 12 ko 17 suka rubuta maimakon 7. Shawararmu ita ce a riƙa karanta alamar da cikakkiyar jimla, «daidai yake da», tare da abin da ke bayanta, a bar wa hukunci wasu kalmomi kamar «haka ne» ko «ya tsaya». Jeri irin na (6), inda = ta zo sau uku a layi guda, yana taimakawa, tun da babu ko ɗaya a cikinsu da ke nufin an gama.

Kafin a tsayar da irin waɗannan kalmomi a takarda, ya kamata a ji yadda yara ke amfani da su. Hausar Tawa ba ta Damagaram ba ce, ta Maraɗi ma tana da nata, a Yamai kuwa aji guda yana iya haɗa masu Hausa da masu Zabarmanci. Ɗaliban sashenmu masu neman batun kundi suna iya ɗaukar muryar darasi uku ko huɗu a ko wane yanki, da izinin malam da iyaye, su rubuta shi kamar yadda aka faɗa, su ƙirga tsawon ɗaukin yara da Hausa da kuma da Faransanci, su kuma duba abin da ke cika gurbin ɗauki na uku.